Bencin Baya da Aka Ɗauko daga Ƙauye

Ranar da mutanenmu suka tashi daga ƙauye, mota ɗaya suka samu, ta dakon masara. Ban ga tashin ba, ina daji a hannun 'yan bindiga. Daga baya aka ba ni labari. An bar rumbuna cike. An bar dutsen niƙa, an bar tukwane, an bar wata akuya mai ciki a ɗaure. Amma dattawan cocinmu sun sama wa bencin baya wuri a motar nan, suka kawo shi har cikin garin Birnin Gwari.

Wanda bai san irin cocinmu ba, bari in gaya masa. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawa sukan zauna a kansa, su sa shi ƙarƙashin horo. Ranar Lahadi magatakarda ya karanta sunansa da laifinsa bayan sanarwa. Daga nan ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake zagayawa da su a coci, ba ya waƙa a gaba. Idan mace ce, a karɓe zanenta na zumuntar mata. Wurin zamansa benci na ƙarshe, dab da ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya gan shi. Wata uku, wata shida, yadda dattawa suka ga dama.

Namu bencin na maɗaci ne, kuma kafintan da ya yi shi ya matso da ƙafafunsa tsakiya. Idan mutum ɗaya ya zauna a bakinsa, ɗaya bakin sai ya tashi sama. Mai horo kuwa kullum bakin yake nema, don ya laɓe a jikin bango. Na san bencin nan. Na yi wata shida a kansa.

Iyayenmu daga kudancin Kaduna suka zo neman ƙasar noma, suka zauna a wani ƙauye gefen Dogon Dawa. Can na yi aure, can mijina ya mutu ya bar mini yara huɗu. Na dafa burukutu na sayar. Ban ɓoye ba, warin tsiron dawa ba ya ɓoyuwa. Dattawa suka kira ni. Biyu daga cikinsu na san girman ƙwaryar da suke sha da ita, ta bayan gida suke shigo mini. Ranar nan suka sunkuyar da kai kamar masu addu'a, suka yarda a hore ni.

Na yi niyyar in je Lahadi ɗaya tak, don kada a ce tsoro na ji, daga nan ni da coci sai dai a kawo gawata. Na zauna a bakin bencin, na tokare ƙafa don kada ya ɗaga ni. Aka karanta sunana. Mata suka yi ta juyowa, kowace kamar ta yar da wani abu a baya.

Shugabar zumuntar mata a lokacin wata tsohuwa ce, kowa Mama yake ce mata. Ita ke buga babban tulu idan mata na waƙa. Da aka gama waƙar farko sai ta ajiye tulun, ta biyo tsakiyar coci da zanenta na zumunta, tana jan ƙafa, har ta iso kaina.

"Matsa," ta ce.

"Mama, nan wurin masu horo ne."

"Ke za ki gaya mini? Ni na share ƙarƙashinsa jiya. Matsa, gwiwata na ciwo."

Na matsa. Ta zauna, bencin ya daidaita. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ko dube ni ba. Da aka tashi ta ce, "Sai Lahadi." Shi ya sa na dawo. Ba tuba na yi ba, kunyar in bar tsohuwa ita kaɗai a bencin masu laifi ce ta dawo da ni.

A Lahadi ta uku dattawa suka kira ta. Ita ta ba ni labarin, tana ɓarar gyaɗa.

"Suka ce, wane laifi kika yi da kike zama can? Na ce, a takardarku an rubuta wanda zai zauna a bencin. An rubuta wanda ba zai zauna ba? Suka buɗe, suka rufe, suka sake buɗewa."

"Sai me?"

"Sai suka ce ina raina hukunci."

Suka sauke ta daga shugabanci. Suka ba matar wani dattijo tulun, wadda in ta buga sai ka ɗauka kaza ce ta faɗa randa. Mama ba ta sake riƙe wani muƙami ba har ta mutu. Wata shida cur tana zaune kusa da ni.

Ranar Litinin ta farko ta zo gidana, ta zagaya tukwanen giya, ta ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa.

"Tukwane masu kyau. Za su yi daddawa."

"Ban iya ba."

"Da giyar aka haife ki da ita?"

Ta kai ni roron ɗorawa. Ta koya mini dafa kalwa, da sussuka ta, da wanke ta a rafi, da rufe ta da ganye har ta ruɓa yadda ake so. Maƙwabta suka ce gara warin burukutun. Amma yarana sun ci, kuma ba wanda ya ƙara shigo mini ta bayan gida. Idan wata ta kwanta ciwo, Mama ta biyo ta ƙofata ta ce, "Ɗauko bokiti." Idan an yi mutuwa, "Ɗauko sabulu." Ba ta iya karatu ba. Ni ma ban shiga aji ba, baƙaƙen da nake rubuta wannan da su a ajin yaƙi da jahilci na tsince su, ina da jikoki. Duk abin da na sani game da bin Ubangiji, a bayan tsohuwar nan na koye shi, da bokiti a hannu.

Shekaru suka wuce. Dajin da muke shiga neman itace ya zama na wasu.

Da hantsi suka zo, muna roron wake. Babura sun fi goma. Maza suka gudu, wasu suka tsira, wasu ba su tsira ba. A cikin matan cocinmu mu uku aka kora gaba: ni, da Mama, da wata da muke kira Amarya. Tun da aka auro ta ƙauyenmu sunan ya bi ta, ga ta da yara biyu. Mijinta a gonar nan aka kashe shi, tana gani.

Ba su tambaye mu addini ba. A sansaninsu mun tarar da Musulmi sun fi mu yawa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa, a hanyar Damari aka tare motarsu, da ita muka raba inuwar itace ɗaya. Idan za ta yi salla ba ruwa, sai ta yi taimama da ƙasa, Mama ta tsaya ta kare ta da zane.

Amarya ce 'yan bindigar suke kira su tafi da ita. Ba zan rubuta abin da kowa ya sani ba. Idan ta dawo sai ta wuce mu, ta je gindin wani itace can gefe ta zauna, ta rungume gwiwa. Ni kuwa sai in juya baya. Na lura duk wadda ta matsa kusa da ita, idonsu na kaiwa kanta, duka ko abin da ya fi duka. Na ce wa kaina ina da jikoki.

Mama ƙafafunta sun kumbura tun tafiyar farko. Da gindi take jan jiki har gindin itacen nan. Daga inda nake ina jin ta.

"Matsa."

Ta jiƙa bakin zaninta da ruwan da aka ba ta na sha, ta goge wa Amarya fuska. Sun doke ta a kan haka sau biyu. Washegari ta sake jan jiki.

Wata rana ta ce mini, "Ke, bayanki bai gaji da kallonta ba? Juyo."

Na yi kamar barci nake.

A wata na biyu zazzaɓi ya kama Mama. Da la'asar ta mutu, ba ta bar wata magana ba, numfashi kawai ya tsaya. Suka ba mu guntuwar fartanya. Ni da Hajiya da Amarya muka tona kabari, bai yi zurfi ba, muka jera duwatsu. Bayan wannan ba wanda ya ƙara zuwa gindin itacen nan. Ni ban je ba. Wata biyu suka ƙara wucewa ina nuna mata baya.

Yadda aka fito da mu ba shi ne zancena ba. Gonaki sun tafi, shanu sun tafi, 'yan'uwa sun yi abin da za su iya.

Muka tarar da cocinmu a gari, a wata rumfar kwano bayan gidan wani ɗan'uwa. Aka tarbe mu da guɗa. Aka sa ni gaba in ba da shaida, na faɗi kalma goma, mata suka yi kuka. Ina tsaye a gaban nan na hango bencin can baya, dab da ƙofa. An ma shafa masa mai.

Dattawa suka ce tunda ni Mama ta raina, ni zan riƙe zumuntar mata. Suka ba ni sabon zane, sabon tulu, da wani ɗaki a jikin rumfar, mai ƙofar ƙarfe da sakata. Mutane suka fara ce mini Mama. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Wanda ya yi wata huɗu a gindin itace ya san darajar sakata.

A cikin wannan lokaci aka aiko mana wani malami daga Kaduna, ya koyar da almajiranci, wato yadda ake bin Ubangiji, kwana uku. Ya zo da farin allo da alƙalami mai wari. Rabin ranar farko labarin hanya ya ba mu, yadda ya jira rakiyar sojoji, yadda zuciyarsa ta yi ta bugawa. Mu muka yi masa sannu. Ya zana matakai bakwai na bin Ubangiji, kamar tsani. A rana ta biyu ya zo kan wahalar da mai bi zai sha.

"Ku rufe idanunku," ya ce. "Ku ɗauka kuna cikin daji, ba abinci, ba mai taimako. Me kuke ji?"

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Muna jin yunwa, Malam, an ce za a ba da shinkafa."

Ban rufe ido ba. Takalminsa nake kallo, ko ƙura babu.

A rana ta uku ya raba takarda mai ɗan akwati a ƙasa. Ya ce kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya da zai raina cikin bangaskiya. Dattawa suka rubuta sunayen 'ya'yansu. Ni na bar akwatin ba komai. Amarya na zaune layi uku daga inda nake, ta lulluɓa da babban mayafi, ana zafin da kare ke neman inuwa. Duk matan da ke wurin sun san abin da mayafin ya rufe. Aka raba satifiket, aka ɗauki hoto. Magatakarda ya sa nasa a gilashi ya rataya.

Sati biyu bayan haka aka kira ni zaman dattawa a kan Amarya. Aikin shugabar mata ne ta karɓo zanen wadda aka hora, shi ya sa ake kiranta.

Fastonmu yaro ne mai kirki, irin kirkin da ba ya hana komai faruwa. Magatakarda kuwa tsohon malamin makaranta ne, yana da littafin dokokin coci a naɗe cikin leda biyu. Littafin ma ya tsira daga ƙauye, ko kunnen shafi bai lanƙwashe ba. Ya kwance ledar a hankali, ya lashi yatsa.

"Duk mun san ba da sonta ba ne," ya ce. "Ba wanda ya ce da sonta ne. Amma doka cewa ta yi, mace mai ciki ba miji. Ba ta ce da so ko ba da so ba."

Fasto ya ce, "Baba, ko za mu duba yanayin..."

"Mun duba, Fasto. Shi ya sa muka ce wata uku, ba shida ba. Idan muka ɗaga mata gaba ɗaya, gobe kowace yarinya ta kwaso nata ta ce daji ta je."

Wani dattijo ya ce, "Don a tsabtace ikkilisiya ne kawai. Ita ma hankalinta zai fi kwanciya."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyar. Ranar da babura suka zo, uku daga cikinsu suna gonar nan. Na ga bayan rigunansu suna shiga dawa. Ban zarge su da gudu ba, kowa ya gudu. Amma wanda ya gudu ya bar mace, bai kamata ya dawo da leda biyu ba.

Wannan a cikina na faɗe shi.

"Mama, kina da magana?" in ji Fasto. Idonsa kamar yana roƙona in yi.

Na tuna ƙofar ƙarfe.

"Babu," na ce.

Aka rufe da addu'a. Doguwa ce.

Amarya a gidan Hajiya take zaune. Hajiya ma ba ta koma Damari ba, ta kama gida a gari, ta ba Amarya da yaranta ɗaki ɗaya. Ranar Alhamis da rana na je. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana tankaɗe.

"A'a, Shugaba da kanta! Yau wace rana? Ko ƙofar ƙarfen ce ta lalace?"

"Hajiya, wurin Amarya na zo."

"Na sani. Labari ya riga ki." Ta buga rariya a gefen kwano. "Ashe haka kuke yi? Su can sun gama nasu, ku kuma ku ɗora? Tsohuwar nan da muka binne, ita ma 'yar cocinku ce, ko daga wani wuri kuka aro ta?"

 

Amarya ta fito da zanen a hannu. Ta wanke shi, ta goge, ta ninke shi huɗu. Ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, Mama."

Na karɓa. Na ce, "Wata uku ne kawai. Kamar yau ne."

"Ba zan zo ba."

"Idan ba ki zauna ba, ba za su ɗaga horon ba."

"Su bar shi." Ba ta ɗaga murya ba. "Wata huɗu na zauna a gefe kowa na kallona. A can ban saki Ubangiji ba, Mama, kin sani. Ko sun rufe mini baki ina kiransa a ciki. Amma in zo gidansa a sake nuna mini gefe, wannan ba zan iya ba. Yarana ma ba za su ƙara taka wurin ba."

"Ki zo Lahadi."

"Don me?"

"Ki zo dai."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun daji.

"A can ma bayanki zan gani?"

Na fito da zanen a hammata. Hajiya ba ta ce mini sai an jima ba.

Ranar Lahadi na ɗaura zanena, na ɗauki tulu, na zauna a gaba. Muka yi waƙar farko. Magatakarda ya tashi ya yi sanarwa: taron matasa, sharar fili, wanda ya ga wata akuya ja. Sannan ya gyara tabarau ya karanta sunanta, da laifinta, da wata uku. Kowa ya juya baya. Bencin ba kowa.

Ba wata murya na ji daga sama ba. Gwiwata ce ma ta fara ciwo, na ga na kai shekarun Mama na wancan lokaci. Na ajiye tulun. Na bi tsakiyar rumfa har ƙofa, na zauna.

Na manta halin bencin. A baki na zauna, ɗaya bakin ya tashi, na tafi ƙasa da gefe, ɗankwalina ya faɗi. Yara suka fashe da dariya, wasu manya ma. Na tashi, na kakkaɓe zane, na koma tsakiya. Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri, idonsa na kan kwano.

Bayan sujada magatakarda ya tare ni.

"Mama, mene ne wannan? Wa kike yi wa?"

"Zama na yi."

"Wurin masu horo ne."

"Duba cikin ledarka, Malam. An rubuta wanda ba zai zauna ba?"

"Wannan maganar mun taɓa jin ta."

"To kun san amsarta."

"Wadda kike yi dominta ma ba ta zo ba. Ke kaɗai kike wahalar da kanki."

Nan ya faɗi gaskiya. Lahadi ta biyu na zauna ni kaɗai. Ban aika wa Amarya ba, ban je gidan ba. Me zan ce mata? In ce zo ki ga na yi kirki? Wata biyu na bar ta a gindin itace. Na ga ko shekara na yi a bencin nan ba ta zo ba, ba ta zalunce ni ba.

A cikin satin aka kira ni. Suka ce ina raina hukunci, ina raba kan mata. Ko kalmomin ba su sake ba, sai ka ce su ma a leda aka adana su. Suka karɓi tulun. Game da ɗakin kuma, suka ce an ga ya dace a ajiye shi don baƙi masu wa'azi. Fasto ya biyo ni waje yana murza hannu.

"Mama, ki yi haƙuri. Ni ba haka na so ba."

"Na sani, ɗana. Kai ba ka taɓa son komai da ƙarfi ba."

Na kwashe kayana, ba su cika buhu ba. Wata 'yar zumunta ta ba ni wuri a ɗakin girkinta. Ba sakata, da dutse nake tokare ƙofa.

Lahadi ta uku ma ni kaɗai. Matan da suka yi kuka ranar shaidata suna wucewa ta gabana suna duban agogon da ba su da shi. Ɗaya ta sunkuyo ta raɗa mini, "Muna tare da ke a addu'a." Na ce mata bencin na da sauran wuri. Ta yi gaba da sauri.

Ashe Hajiya na da kunne a ko'ina. Mai kawo mata gawayi ɗan cocinmu ne, shi ya kai mata labari, har da faɗuwar da na yi. Ta ce mini daga baya sai da ta sa ya maimaita wurin faɗuwar sau uku.

Lahadi ta huɗu an yi nisa, ana karatu, sai haske ya ragu a ƙofa. Ban juya ba. Na ga ƙafafu a gefena, da ƙananan ƙafafu huɗu a bayansu. Ta daɗe a tsaye. Mai karatu ya rasa layinsa.

"Mama," ta ce, "matsa."

Na matsa. Ta zauna da nauyinta, ta ɗora ƙaramin a cinyata ba tare da ta tambaye ni ba. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Da aka zagayo da jibin Ubangiji, mai rabo ya tsaya a gabana, ya rasa yadda zai yi, don ni ba a hore ni ba. Na girgiza masa kai. Ya wuce mu duka.

Magatakarda ya ce wata ukun daga ranar da ta fara zama za a ƙirga, makonnin da ba ta zo ba ba sa ciki. Ya rubuta a littafi. Muka zauna su cif. A ciki ta haihu, namiji, ni da Hajiya muka karɓe shi. Sati biyu da ta yi tana jego ni na riƙe bencin, shi kuma ya ƙara mata sati biyun a ƙarshe.

Ranar da aka ɗaga horon ya karanta cewa ta nuna tuba ta gaskiya, ikkilisiya ta karɓe ta. Aka yi tafi. Sabuwar shugaba ta kawo mata zanenta, yana nan a ninke huɗu yadda ta ba ni. Ta karɓa, ta goya jaririn da shi.

Ba a mayar mini da tulu ba, ban kuma tambaya ba. Ɗakin yana nan a kulle, baƙo ɗaya ya kwana a ciki tun daga lokacin. Na koma daddawa, a bayan gidan Hajiya nake dafa kalwa, kullum tana cewa zan kore mata masu sayen atamfa.

Amarya tana zuwa coci, ita da yaranta uku. A layi na huɗu take zama. Har yau ba ta yi mini maganar daji ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ranar Litinin da ta wuce wata tsohuwa ta kwanta ciwo a unguwarmu. Na biya ta ƙofarta na ce, "Ɗauko bokiti." Ta ɗauko.